Jifar Da Ta Cika Jaridu A Birnin Cape Town

Wasan kurket ba baƙo ba ne ga Sakkwatawa, domin kuwa marigayi Sardauna, Sir Ahmadu Bello, ya buga shi tun yana ɗalibi a Kwalejin Katsina. Amma matashin Gidan Igwai da ya ci karo da wasan a wayarsa, abin da za a fara nuna masa shi ne gudun ƙwallo, wato kilomita nawa ta yi a awa, kamar dai nan gwaninta ta tsaya.

A watan Fabrairu na 2003, a gasar cin kofin duniya, Pakistan ta kara da Ingila a Cape Town. Shoaib Akhtar na Pakistan ya yi wata jifa wadda na'ura ta auna gudunta kilomita 161.3 a awa. Jaridu suka yi ta kururuwa. Shi kuwa Nick Knight, wanda aka jefa wa ƙwallon, tare ta ya yi da sandarsa hankali kwance. Ran nan Akhtar mutum ɗaya tak ya fitar, aka kuma ci maki 63 a kansa.

A ɓangaren Ingila akwai wani saurayi ɗan shekara 20, James Anderson. Jifarsa ba ta kai waccan gudu ba, sai dai yana ajiye ƙwallo inda ya nufa, ta kuma karkace a iska ta ruɗi mai duka. Ya fitar da mutum huɗu, Ingila ta yi nasara da ratar maki 112.

A manyan wasannin kwana biyar, Akhtar ya tashi da mutum 178. Anderson ya yi ritaya daga irinsu a 2024 da 704.