Haikalin Unguwa a Japan da Hidimarsa ga Matattu

A Madekali da Malanbil, a bakin kogin Kwara, an fi sanin Japan ta motocin Toyota da baburan Honda da Yamaha, amma kaɗan ne suka san cewa ƙasar tana da haikalin addinin Buddha kusan 77,000, kuma mafi yawansu ƙanana ne da ke cikin unguwanni da ƙauyuka. Wanda ya saba da masallacin unguwa, inda ake haɗuwa sau biyar a rana, zai iya ɗauka cewa haikalin ma haka yake, alhali a ranakun da ba na biki ba da wuya a tarar da mutum biyu a farfajiyarsa, domin babban aikinsa shi ne kula da matattun iyalan da ke ƙarƙashinsa.

Addinin Buddha ya shiga Japan daga Koriya a ƙarni na 6, sai dai alaƙar da ke tsakanin gida da haikali ta kafu sosai ne a zamanin mulkin gidan Tokugawa, daga 1603 zuwa 1868. Bayan an haramta addinin Kirista a 1614, musamman bayan tawayen Shimabara na 1637 zuwa 1638, hukuma ta tilasta wa kowane gida ya yi rajista da wani haikali, wanda zai ba shi takardar shaidar cewa mutanensa ba Kirista ba ne. Gidan da ya yi rajistar ana kiransa danka, wato gidan da ke ɗaukar nauyin haikali da kuɗinsa, shi kuma haikalin ya yi masa jana'iza da addu'o'in matattu. Abin da ya fara a matsayin dabarar sa ido ta masu mulki ya zama al'ada da ta ci gaba bayan faɗuwarsu, kuma tun da dokar 1872 ta ba malaman haikali damar yin aure, yawancin haikalin unguwa ya koma gado, ɗa yana karɓa daga hannun uba, iyalin malamin kuma suna zaune a gidan da ke jikin haikalin.

Ladabin ziyara ba shi da yawa, amma ana kiyaye shi. Baƙo yakan ɗan rusuna a babbar ƙofa, ya tsallake dokin ƙofar ba tare da ya taka shi ba, ya ɗebi ruwa da ludayi ya wanke hannuwa idan akwai wurin wanki, sannan ya kunna turaren wuta, ya jefa tsabar kuɗi a akwatin sadaka, ya haɗa tafukan hannunsa a gaban ƙirji shiru. Ba a tafi a haikalin Buddha, domin tafi al'ada ce ta wuraren bautar Shinto, addinin gargajiyar ƙasar, kuma da yake mutum ɗaya yakan ziyarci wuraren biyu, dole ne ya san bambancin.

Mafi yawan masu zuwa, duk da haka, bayan ginin suke nufa, inda maƙabarta take. Fiye da kashi 99 cikin 100 na matattun Japan ƙona su ake yi, a ajiye ragowar ƙasusuwan a ƙarƙashin dutse ɗaya na iyali, saboda haka kabari guda yakan haɗa kakanni da jikoki. Mai ziyara yakan ari bokiti da ludayi na haikalin, ya cire ciyawa, ya wanke dutsen, ya sa furanni da turare. Ana yawaita yin haka a lokacin Obon, a tsakiyar watan Agusta a yawancin yankuna, lokacin da aka yi imani cewa ruhohin magabata suna dawowa gida, da kuma makonnin Higan a Maris da Satumba, sa'ad da dare da rana suke daidaita. Malamin haikali ne ke raɗa wa mamaci sabon suna, ya rubuta shi a littafin matattu, ya jagoranci addu'a a kwana na 49 da wasu shekaru ƙayyadaddu, sau da yawa har zuwa ta 33. A daren sabuwar shekara kuma akan buga babbar ƙararrawa sau 108, adadin sha'awoyin da koyarwar Buddha ta ce suna damun zuciyar mutum.

Su kansu Japanawa sukan yi sukar cewa addinin ya koma na jana'iza kawai, kuma kuɗin da ake biya domin sunan mamaci yana da tsada. Sukar tana da gaskiya a cikinta, amma tana raina wani aiki mai nauyi, domin haikalin ne ke riƙe da sunayen zuriyoyin ƙauye na ɗaruruwan shekaru, waɗanda babu wani wurin da ya adana su haka. Yawan al'ummar Japan ya kai ƙololuwarsa a wajen 2008, da mutum kusan miliyan 128, daga nan ya fara raguwa, matasa kuma sun koma Tokyo da Osaka, don haka gidajen danka suna ƙarewa a karkara. A yau dubban haikali ba su da malamin da ke zaune a cikinsu, kuma a ƙauyuka da yawa malami ɗaya ne ke zagaya biyu ko uku.