Zuriyar Mutumin da Ya Harbe Sarkin Rasha

A daren 16 ga Yuli wayewar 17, shekarar 1918, aka tashi Sarki Nikolas na Biyu da iyalinsa daga barci a wani gida da ake tsare da su a Yekaterinburg, can yankin tsaunukan Ural. Aka ce musu gari ba lafiya, su sauko ƙasa. Su goma sha ɗaya ne suka shiga wani ɗan ɗaki: sarkin da matarsa Alekzandra, 'ya'yansu mata huɗu, ɗansu Aleksi mai shekara 13 wanda uban ya saɓo don ba ya iya takawa, sai likitansu Botkin da kuku da hadimai biyu. Sarauniya ta nemi abin zama, aka kawo kujeru biyu. Daga nan shugaban masu gadi, Yakov Yurovsky, ya karanta 'yar takardar hukunci, aka buɗe wuta. 'Yan matan sun ɗinke duwatsu masu daraja a cikin rigunansu na ciki, don haka harsashi bai gama da su nan take ba, sai da aka bi su da wuƙar bakin bindiga. A haka aka ƙarar da gidan Romanov, wanda ya riƙe sarautar Rasha daga 1613 har zuwa saukar Nikolas a watan Maris na 1917.

Shi Yurovsky mai gyaran agogo ne, ya kuma taɓa sana'ar ɗaukar hoto kafin siyasa ta ɗauke shi ya bi 'yan Bolshebik na Lenin. Bayan kisan ya riƙe muƙamai a Mosko, har da shugabancin wani gidan tarihi na fasaha. Bindigogin da ya yi aikin da su ma ya miƙa su gidan tarihin juyin juya hali a 1927, kamar wanda ya yi abin a yaba. Ciwon gyambon ciki ne ya yi ajalinsa a watan Agusta na 1938.

Tun daga rushewar Tarayyar Sobiyet ake yaɗa cewa wai la'ana ta bi gidansa, jinin yaran nan biyar bai bar zuriyarsa ta ga alheri ba. Labarin yana da daɗin ji, musamman ga wanda zuciyarsa ta ƙuna da abin da aka yi a ɗakin nan. To amma me ya sami 'ya'yan nasa a zahiri?

Uku ya bari. Babbarsu Rimma, haihuwar 1898, tun tana budurwa ta yi fice a ƙungiyar matasan kwaminisanci ta Komsomol. A 1938, shekarar da ubanta ya mutu, 'yan sandan ciki na Stalin suka kama ta, aka tura ta sansanin gwale-gwale na Karaganda a Kazakistan. Ta yi shekara takwas a tsare, ba a wanke ta ba sai 1956, ta rasu a 1980. Ƙanenta Alekzanda injiniya ne a rundunar sojan ruwa, ya kai muƙamin admiral. Shi ma an kama shi a 1952, mutuwar Stalin a shekarar da ta biyo baya ce ta fito da shi. Autansu Yevgeny ya yi aikin soja, ya rayu har 1991.

Wahala dai an sha ta, babu musu. Sai dai wanda ya ɗora musu ita ba ɓoyayye ba ne: gwamnatin da ubansu ya zubar da jini don ta tsaya ce ta juyo kansu. A 1937 da 1938 kaɗai, takardun hukumar sun nuna an harbe sama da mutum 680,000, akasarinsu manoma da ma'aikata da ba su taɓa ganin sarki da ido ba. Manyan da suka tsara kisan Yekaterinburg ma ba su tsira ba: an harbe Beloborodov a 1938, Goloshchekin a 1941. In ɗaurin Rimma la'ana ce, laifin me sauran matan da ke cike da sansanin Karaganda suka yi? Hausawa da suka ce alhaki kwikwiyo ne, ai sun ƙarasa maganar da cewa mai shi yake bi. Batun jikokin da ake cewa sun mutu ɗaya bayan ɗaya ta hanyoyi masu ban tsoro kuwa, ya fi yawo a jaridun tsegumi da intanet. A ƙasar da yaƙin duniya na biyu ya ci mutum kusan miliyan 27, da wuya a sami gidan da ba za a iya jera masa irin wannan ba.

Akwai ma inda zancen ya fi muni. Don an haifi Yurovsky a gidan Yahudawa, wasu suka ɗora kisan a kan ƙabila guda, alhali yawancin waɗanda suka riƙe bindiga a daren nan Rashawa ne.

Abin da masu labarin la'ana ba su cika faɗa ba shi ne ta hannun ɗan Yurovsky aka gano kabarin. Shekara sittin hukuma tana ɓoye wurin. Gidan da aka yi kisan ma an rushe shi a 1977 bisa umarnin Mosko, kuma shugaban jam'iyya na yankin da ya zartar da rusau ɗin shi ne Boris Yeltsin. A daidai wannan lokaci wasu mutum biyu, Aleksanda Avdonin masanin duwatsu da Geli Ryabov mai shirya fim, suna nema a asirce. Ryabov ya je Leningrad wurin tsohon admiral ɗin, shi kuma ya ɗauko kwafin rahoton da ubansa ya rubuta kan kisan ya ba shi. A ciki aka bayyana yadda motar da ke ɗauke da gawarwakin ta kafe a laka a hanyar ƙauyen Koptyaki, aka haƙa rami a tsakiyar hanya, aka zuba musu ruwan asid, aka rufe, aka jera katakan layin dogo a kai don a ɓad da sawu. A watan Mayu na 1979 suka tona, suka ci karo da ƙoƙunan kai uku. Tsoro ya sa suka mayar da su, suka ja bakinsu suka yi shiru har 1989. A ƙasar da admiral ɗin ya riga ya ɗanɗana kurkukunta, fitar da irin wannan takarda ba ƙaramar kasada ba ce.

A 1991 hukuma ta tono gawa tara. Aka gwada ƙwayoyin halittarsu a Ingila da jinin Yarima Filip, mijin Sarauniya Elizabeth, wanda kakarsa yayar Alekzandra ce, gwajin ya dace. Ranar 17 ga Yuli, 1998, aka binne su a majami'ar Bitrus da Bulus da ke San Fitasbag, Yeltsin ɗin nan yana wurin a matsayin shugaban ƙasa. Ragowar Aleksi da 'yar'uwarsa guda ba a same su ba sai 2007, ba nisa da ramin farko, kamar yadda rahoton ya nuna an ware mutum biyu. Alekzanda Yurovsky bai ga ko ɗaya cikin wannan ba, don ya rasu tun 1986.