KAFIN A KAI KUƊIN RAKE WAJEN MAI TELEBIJIN

Kaka ta yi. An sare rake a fadamun Korama, an kai wake da gyaɗa kasuwa, kuɗi sun shiga hannu. A wannan lokaci ne kuma ake shirin kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975. In an fara ta, daga Matamaye har Kance, Dungu da Ɗan Barto, ba wanda yake so ya ji labari a bakin wani. Kowa so yake ya gani da idonsa. Shi ya sa masu sayar da telebijin suke cika rumfunansu tun kafin sanyi ya sauka.

Wani magidanci a wani ƙauye kusa da Dungu ya sayar da rakensa, ya haɗa da ragon da uwargida ta yi wata shida tana kiwo. Ya tafi birni ya ce a ba shi telebijin mafi girma da kuɗinsa za su iya saye. Aka ba shi mai faɗi, shafaffe, kamar ƙyauren taga. Mai kanti ya kunna masa, ya ga tsuntsaye da furanni kamar ya kai hannu ya taɓa. Da ya zo gida ya haɗa shi da tsohuwar dekodarsa, sai hoto ya fito dishi-dishi, fuskokin mutane kamar an shafa musu toka. Ƴan kokowa kuma duk suka zama gajeru masu ƙiba. Kafin a kai ga karon ƙarshe batir ya mutu, har ƙwan fitilar tsakar gida ya ɗauke. Uwargida ba ta ce kome ba. Ta dai dubi turken ragon.

Ba a cuce shi ba. Telebijin ɗin lafiyarsa lau. Abin da ya faru shi ne ya sayi girma, bai sayi abin da zai cika girman ba.

Dattawa suna tune da yadda aka faro. Telebijin ya shigo Nijar ta ƙofar lakol ne, a 1964, lokacin da aka soma koyar da yara da shi a Yamai da taimakon Faransa. Télé Sahel ta kowa da kowa sai a 1979 ta soma aiki, zamanin Seyni Kountché. Daga baya gwamnati ta raba akwatunan kallo na jama'a a garuruwa da yawa, wasu da hasken rana suke aiki. Akwati ɗaya, gari guda. Da magariba a fito da shi fili, yara a gaba, manya a baya, a kalli labaru da wasan kwaikwayon su Yazi Dogo na Damagaram. Na baya ba ya ganin fuska sosai, amma ba wanda ya ce akwatin ya yi ƙanƙanta. Yau kuwa gida ɗaya sai a sami parabol a kan soro, ana kama tashoshin Yamai da na Kano, irin su Arewa24 da aka buɗe a 2014.

YADDA AKE AUNA SHI

Mai kanti zai ce wannan 24 ne, wannan 32, wancan 43. A Damagaram ana cewa pus, a Daura da Kano ana cewa inci. Duk abu ɗaya ne. Inci ɗaya santimeta 2 da rabi ne da ɗan ɗoriya. Amma ba faɗin gilashin ake aunawa ba, ba kuma tsayinsa ba. Ana aunawa ne a karkace, daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa kusurwar sama ta dama. Bakin roba da ya kewaye gilashin ba ya cikin lissafi.

Saboda haka mai inci 24 yana da santimeta 61 a karkace. Mai inci 32 yana da 81, watau wajen taƙi huɗu na babban mutum. Faɗinsa 71 ne, tsayinsa 40. Mai inci 43 yana da 109. Mai inci 55 yana da 140, faɗinsa kuwa ya wuce mita ɗaya da santimeta 20. Wanda zai je saye ya ari tef ɗin tela ya sa a aljihu. Akwai kwalin da aka rubuta wa 32, a buɗe a auna a tarar bai kai ba. Tef ba ya jin kunyar kowa.

Ga wani abu da yake ruɗa mutane. Tsohon telebijin mai ƙusumbi kusan murabba'i ne. Sabon kuwa faɗi gare shi, ba tsayi. Tsohon mai inci 21 tsayin gilashinsa ya kai santimeta 30 ko fiye kaɗan. Sabon mai inci 24 ma iyakarsa 30 ke nan. To, wanda ya bar 21 ya koma 24 yana tsammani ya ci gaba, sai ya ga mai karanta labaru bai ƙara girma ba ko kaɗan. A gefe guda kuma, daga 32 zuwa 43 ba ƙaramin tsalle ba ne. A lamba 11 ne kawai tsakaninsu, amma filin gilashin ya kusa ninkawa biyu.

Gajerun ƴan kokowa masu ƙiba ma daga nan suka fito. Hoton da aka ɗauka don tsohon akwati, in aka ja shi ya cika sabon gilashi mai faɗi, dole mutum ya baje. Akwai maɓalli a jikin rimot da yake maida hoto yadda yake. Za a ga baƙin fili dama da hagu. Wannan ba lalacewa ba ce.

HARUFFA BIYU: H DA D

Hoton telebijin ɗige-ɗige ne ƙanana, an jera su layi-layi. Kamar ɗinkin hula yake. In ɗinkin ƙanana ne kuma a matse, zane ya fito sarai. In manya ne jefi-jefi, daga nesa ma an san aikin gaggawa ne.

Hoto irin na da yana da layi 576, ɗigo wajen dubu 400. Wanda aka rubuta wa HD yana da layi 720 ko sama kaɗan, ɗigo wajen miliyan ɗaya. Wanda aka rubuta wa 1080 yana da ɗigo miliyan biyu. Akwai kuma mai 4K, layi 2160, ɗigo sama da miliyan takwas. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci zai iya karanta waɗannan da kansa a jikin kwali, ba sai an karanta masa ba.

To, a nan ne magidancin Dungu ya faɗi. Gilashi ba ya ƙirƙiro ɗigo. Abin da aka aiko masa shi yake shimfiɗawa. In dekoda ta aiko ɗigo dubu 400, gilashin kuma mai miliyan biyu ne, sai ya ja su ya baza. Kowace mace ta san abin da yake faruwa in baƙi sun ƙaru, dawo bai ƙaru ba. Ruwa ake ƙarawa. Ƙwarya ta cika, amma fura ta tsinke. Iyakar girman gilashi, iyakar yadda tsinkewar take fitowa fili. Shi ya sa tsohon akwati ƙarami yake ɓoye aibin hoto, babba yake tona shi. Tsuntsayen da aka nuna masa a kanti kuwa daga wani ɗan kati na musamman suka fito, wanda aka cika da ɗigo don a ja ran mai saye.

Kafin hoton HD ya kai ga ido sai abu huɗu sun haɗu. Tashar da ake kallo ta aiko shi a HD, don ba duka tashoshi ne suke yi ba. Dekoda ta zama mai HD. Gilashin ya zama mai HD. Na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa, shi ne kuma mafi araha: wayar da ta haɗa dekoda da telebijin. Tsohuwar waya mai kai uku, rawaya da fari da ja, ba ta iya ɗaukar HD. Ko dekoda sabuwa ce, ko telebijin na miliyan nawa ne, in ta rawayan nan hoto ya bi, hoton da ne zai fito. Wayar da ake so ita ce mai kai ɗaya shafaffe, an rubuta HDMI a bakin raminta. Gidaje nawa ne suke da sabon telebijin da sabuwar dekoda, amma tsohuwar waya ce a tsakani, wayar HDMI tana kwance cikin kwali ba a ko warware ta ba!

Haka finafinan da ake turawa a kati ko a waya wajen masu turi. Yawancinsu an matse su ne don su shiga da yawa. A wayar hannu suna da kyau. A inci 43 sai su fito dabbare-dabbare.

Wanda yake kama tasha da eriya, ba da parabol ba, shi ma da abin dubawa. A 2006 ƙasashe suka yi yarjejeniya a Janeba cewa za a bar tsohuwar hanyar watsa hoto a koma sabuwa, aka sa wa'adin 17 ga Yuni 2015. Ƙasashen Afirka da yawa ba su cika wa'adin ba, amma hanyar da aka nufa ke nan. Sabuwar ita ake kira TNT. Telebijin da zai kama ta ba da ƙarin akwati ba, za a ga an rubuta DVB-T2 a kwalinsa. Wasu na hannu da ake kawowa daga Turai ba su da shi.

Sai maganar ɗaki. Ido yana da iyaka. Wanda ya zauna nesa da mita biyu daga gilashi mai inci 32 ba zai bambanta 720 da 1080 ba, ko da idonsa garau ne. Mai 4K na inci 43 kuwa, sai an matso kusa da shi ƙasa da mita biyu kafin a soma ganin abin da aka biya. A ɗakin kwana na ƙauye, inda tabarma take taki uku daga bango, 24 ko 32 ya wadatar. Mai gidan kallon ƙwallo dabam ne. Shi yana da mutum 40 ko 50 a kan benci, na baya yana so ya ga lambar riga, kuma kuɗin shiga ne zai biya kayan. A wajensa girma sana'a ce.

WUTA

Wannan shi ne babban lissafi ga mutumin karkara, shi ne kuma mai kanti ba ya faɗi sai an tambaya. A bayan kowane telebijin akwai ƴar takarda a manne. A nemi lambar da harafin W yake biye da ita. Ita ce cin wutarsa. Yawancin masu inci 24 suna cin 20 zuwa 30. Masu 32 suna cin 30 zuwa 50. Masu 55 sukan kai 100, wasu su wuce.

Ga misali. Batir mai 12 V da 100 Ah yana riƙe awo 1200 na wuta. Amma batir irin na dalma ba a shanye shi duka, rabi ake sha, in ba haka ba ya mutu da wuri. Saura 600 ke nan. Telebijin mai cin 40 da dekoda mai cin 10 sun zama 50. A kalla awa 4, an sha 200. Batir zai kai dare uku ko da hazo ya rufe rana. Babba mai cin 110, da dekoda, da abin da na'urar juya wuta take ci a banza, ya kai 130. Awa 4, an sha 520. Dare ɗaya batir ya ƙare, ba a sa fitila da cajin waya cikin lissafi ba. Watau wanda ya sayi babban telebijin bai gama saye ba. Akwai ƙarin farantin sola da ƙarin batir suna jiransa, batir kuma ba ya shekara goma. Ƙananan da aka rubuta wa DC 12 V suna shan wuta kai tsaye daga batir, ba sai an sayi na'urar juya wuta ba. Makiyayi da yake tashi daga mashekari zuwa mashekari, in har zai saya, irin wannan ne zai iya ɗora wa jaki.

Na cikin gari masu wutar NIGELEC ma kada su ce ba ruwansu. A da, wutar jihar Damagaram yawancinta daga Najeriya take zuwa. Da aka yanke ta a watan Agusta 2023, sai a farkon 2024 ta dawo, kowa ya ga yadda gari ya koma. In wuta tana ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi, allon cikin sabon telebijin ba shi da juriyar tsohon akwati. Ana sa masa na'urar daidaita wuta. In hadari ya taso da walƙiya, a zare shi daga bango, a zare wayar parabol ma.

Tsohon mai ƙusumbi in ya lalace, mai gyaran rediyo na bakin kasuwa yakan tashe shi. Sabon in gilashin ya tsage, kuɗin sabon gilashi ya kusa kuɗin telebijin. Sandar yaro ɗaya ta isa. A rataye shi sama inda hannun yara da ƙahon akuya ba su kai, kada a jingina shi da bangon da yake zufa da damina. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan iskar bayansa, sai ya yi zafi. A rufe shi da zane in an kashe, a yaye in an kunna. Gilashin kuma da tsumma mai laushi ake share shi, busasshe, ba a dannawa.

Magidancin Dungu ya koma wajen mai kanti bayan kwana biyu. Mai kanti ya ce an buɗe kwali, kaya ba ya komawa. Daga ƙarshe wani mai gidan kallo a Matamaye ya karɓi babban, ya ba shi nasa mai inci 32 da ɗan ciko. Cikon ya sayi dekoda mai HD da wayar HDMI, abin da ya rage bai kai kuɗin ɗan tunkiya ba. Ya dai ga sauran kokowar, har da ƙurar da take tashi a ƙafar ƴan wasa. Ragon uwargida kuma an ce sai kakar baɗi.