Takardar da ke ceto filayen 'yan Indonesiya masu auren baƙi

'Yar Indonesiya da ta yi aure a Japan ko Holan, ta tara kuɗi don sayen gida a ƙasarsu, za ta iya tarar da ƙofa a rufe saboda takarda ɗaya da ba ta da ita. Haka ma namijin da ya auri baƙuwa.

Matsalar ta samo asali ne daga dokoki biyu. Dokar aure ta 1974 ta ce dukiyar da aka samu bayan ɗaurin aure ta miji da mata ce tare. Dokar filaye ta 1960 kuma ta ce ɗan ƙasa kaɗai ke da cikakken ikon mallakar fili. Don haka idan matar ta sayi fili, mijinta baƙo ya samu kaso a ciki, abin da doka ta haramta. Shekara ɗaya ake bayarwa a rabu da filin, in ba haka ba ya koma hannun gwamnati.

A da, mafita ɗaya ce: yarjejeniyar raba dukiya kafin aure ko ranar ɗaurinsa. Wanda bai yi ba, shi ke nan.

Wata lauya mai suna Ike Farida, wadda ke auren ɗan Japan, ita ta sauya lamarin. Ta biya kuɗin gida a Jakarta, kamfanin ya soke cinikin saboda ba ta da wannan takarda, sai ta garzaya Kotun Tsarin Mulki. A ranar 27 ga Oktoba, 2016, kotun ta yanke hukuncin cewa ma'aurata na iya ƙulla yarjejeniyar ko bayan aure, muddin ba za ta cutar da wani ba, kamar mai bin su bashi.

Sai dai hukunci ba ya amfanar wanda bai san da shi ba. Shi ya sa ƙungiyoyi irin su PerCa Indonesia, ta masu auren baƙi, ke ci gaba da wayar da kai.

Abin da ake jaddada wa mazauna waje shi ne sa hannu kaɗai bai wadatar ba. Sai an yi rajistar auren a Indonesiya, a rubuta yarjejeniyar a gaban jami'in tabbatar da takardu, sannan a kai ta ofishin harkokin addini idan Musulmi ne, ko ofishin rajistar jama'a ga sauran.

Kuma takardar ba ta ceton wanda ya karɓi fasfon wata ƙasa, domin Indonesiya ba ta yarda baligi ya riƙe ƙasa biyu ba.