Lodi da gudu: abin da ke hana mota tsayawa

Ranar Litinin da Juma'a kasuwar Maradi ce, Alhamis ta Damagaram, Lahadi kuwa ta Tawa. A irin waɗannan ranaku, tun kafin asuba motoci ke ɗaukar hanya, an yi musu lodi har sun duƙa: buhunan albasa da na wake a ƙasa, awaki a tsakiya, mutane kuma a bisa kaya. Fatan kowa ya isa da wuri ya samu ciniki. Sai dai akwai wani lissafi da ke tafe da kowace mota, ko direba ya san shi ko bai sani ba. Wannan lissafi ana koyar da shi ga ɗaliban lise a darasin fizik, amma ƴan kasuwa sun fi kowa buƙatarsa, domin su ne kullum bisa hanya.

Nauyi sau gudu

Ku dubi ɗan garuwa. Idan kurarsa ba kaya, da hannu guda yake tsayar da ita. Idan ya cika ta da bido goma na ruwa, ya kuma shiga gangare, sai ya turje da ƙafa biyu, wani lokaci ma ta ja shi. Abu biyu ne suka haɗu a nan: nauyi da gudu. Masana suna ninka nauyin abu da gudunsa, abin da ya fito shi ne ƙarfin tafiyarsa. Duk abin da ke da ƙarfin tafiya mai yawa, tsayar da shi sai an sha wuya.

Ga misali. Babur da mutum biyu a kansa zai yi kilo 200. Babbar mota da lodinta za ta yi tan 30, wato kilo 30,000. Idan dukansu suna gudun kilomita 60 a awa, ƙarfin tafiyar babbar motar ya ninka na babur ɗin sau 150. A ido gudunsu ɗaya, amma wajen tsayawa ba su haɗa hanya ba.

Wannan sani ya daɗe. Ibn Sina, babban likita kuma masani da ya rasu a shekarar 1037, ya yi bayanin cewa abin da aka jefa yana ɗauke da wani ƙarfi a cikinsa, wanda ba ya ƙarewa da kansa sai wani abu kamar iska ya rage shi. A 1668 masana uku suka gabatar wa ƙungiyar masana ta birnin Landan da ƙa'idojin karo tsakanin abubuwa. Daga baya, a 1687, Aizik Niyuton na ƙasar Ingila ya fitar da dokokinsa guda uku na motsi, waɗanda har yau da su injiniyoyi ke aiki wajen ƙera mota.

Dokar farko ta ce abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya sai in wani abu ya tare shi. Shi ya sa idan direba ya taka birki da ƙarfi, motar ce ke tsayawa, amma wanda ke zaune bisa buhuna bai tsaya ba. Birki yana riƙe taya ne kawai, bai san da mutum ba. Jikin fasinja yana ci gaba da gudun da motar take yi, har sai ya gamu da abin da zai tsayar da shi: ƙarfe, kwalta ko itace.

Darasin mai ƙwai da mai kankana

Mata masu sayar da ƙwan zabi sun san sirrin da ke biye. Ba wadda ke zuba ƙwai a cikin kwano haka kawai, sai ta shimfiɗa ƙaiƙayi. Masu kawo tuluna da randuna kasuwa su ma suna cusa ciyawa a tsakaninsu. Haka masu sauke kankana daga mota: wanda ke cafewa yana janye hannuwansa baya tare da kankanar, ba ya tare ta da hannu a sandare.

Dalilin ɗaya ne. Kafin abu mai tafiya ya tsaya, dole a ƙwace masa ƙarfin tafiyarsa gaba ɗaya. Ana iya ƙwace shi da bugu mai tsanani cikin ƙiftawar ido, ana kuma iya ƙwace shi da ƙarfi kaɗan cikin lokaci mai ɗan tsawo. Idan lokacin tsayawa ya ninka sau biyu, ƙarfin bugun yana raguwa da rabi. Idan ya ninka sau goma, bugun ya koma kashi ɗaya cikin goma. Ƙaiƙayi yana ba ƙwai lokaci ne ya tsaya sannu a hankali. Yashin filin kokowa ma aikinsa ke nan, shi ya sa ƙato ke faɗuwa ya tashi ya karkaɗe jiki, alhali da bisa siminti ne da sai an kwashe shi.

Turmi da taɓarya kuwa akasin haka ne. Taɓarya tana tsayawa nan take a gindin turmi, don haka bugunta ke farfasa hatsi. Mutumin da ya faɗo daga mota ya bugi kwalta da kai, abin da ke samun hatsin nan shi ke samunsa.

Yaro a cinya

Uwa da yawa tana ganin ba inda ɗanta ya fi tsira kamar a cinyarta. To bari mu yi lissafi. Yaro mai kilo 10, mota tana gudun kilomita 50 a awa, sai ta yi karo ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan. A wannan ɗan lokaci, ƙarfin da zai fizge yaron daga hannun uwarsa ya kai nauyin kilo 140, kusan buhu uku na shinkafa mai kilo 50. Babu hannun da zai riƙe wannan, kome son uwa ga ɗanta. Idan kuwa uwar ba ta ɗaure ba, nata jikin ma zai bi bayan yaron ya danne shi.

Haka buhu mai kilo 100 da aka ajiye bayan kujera ba a ɗaure ba. A irin wannan karo yana zuwa bisa fasinjoji da ƙarfin da ya kai tan ɗaya da ɗoriya. Kayan da mutum ya sayo don ya ci riba, su ne ke iya karya masa baya.

Kada kuma a raina gudun 50. Karo da bango a wannan gudu daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kamar bene mai hawa uku. A gudun 100 kuwa, kamar faɗowa ne daga kusan mita 40. Gudu ya ninka sau biyu, amma ɓarna ta ninka sau huɗu.

Idan babba da ƙarami suka haɗu

A babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maradi da Damagaram har zuwa Difa, ƙananan motoci da dogon baro suna gilma wa juna dare da rana. Mene ne ke faruwa idan suka yi gaba da gaba?

Dokar Niyuton ta uku ta ce ƙarfin bugun da babbar mota ta yi wa ƙarama, daidai yake da wanda ƙaramar ta yi mata. Amma sakamakon ba ɗaya ba ne, domin nauyinsu ya bambanta. A ce babbar tan 30 ce, ƙaramar tan ɗaya da rabi, kowacce na gudun 60. Bayan karo, idan suka manne, ƙarfin tafiyar babbar ne ke rinjaye: za su ci gaba da tafiya ta inda ta nufa da gudun kusan 54. Wato babbar ta rage kilomita 6 kacal. Ƙaramar kuwa ta tashi daga gudun 60 gaba ta koma 54 baya, canjin kilomita 114 a awa cikin ƙiftawar ido. Mutanen da ke cikinta su ne ke ɗaukar wannan canji a jikinsu. Shi ya sa direban babbar mota kan fito lafiya, a ƙaramar kuwa a rasa mai ba da labari. Direban da ke son wuce wata mota a kwana ko a kan tudu, inda ba ya hangen gaba, da wannan lissafi yake wasa.

Birki ba ya yin abin al'ajabi

Daga lokacin da direba ya hango jaki ko amalanke a hanya zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki, kusan sakan guda ke wucewa. A gudun 90, mota tana cin mita 25 cikin wannan sakan, birki bai ma fara aiki ba. Bayan nan kuma, nisan da za ta ja kafin ta tsaya yana ninka sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu.

Lodi shi ma yana da nasa. An ƙera birkin kowace mota ne don wani nauyi sananne. Idan aka ɗora mata fiye da haka, birkin yana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ya tsayar da ita, yana kuma yin zafi har ya daina kamawa, musamman a gangare. Lodi mai tsayi yana ƙara sa mota kifewa a kwana. Tun shekarar 2005 ƙasashen UEMOA suka amince da wata doka mai lamba 14 da ta ƙayyade nauyin da manyan motoci za su ɗauka, domin lodin wuce kima yana kashe hanya, yana kashe mutane.

Bel da kaske

A 1959 wani injiniya na kamfanin Volvo a ƙasar Suwidin, Nils Bolin, ya ƙirƙiro bel ɗin da ke ratsa ƙirji da ƙugu, kamfanin kuma ya bar kowa ya yi amfani da fasahar kyauta. Bel yana yi wa mutum abin da ƙaiƙayi ke yi wa ƙwai: yana tsayar da jiki tare da mota, yana ɗan miƙewa, yana raba bugun bisa ƙasusuwa masu ƙarfi. Gaban motocin zamani ma da gangan aka yi shi ya lotse idan an yi karo, don ya tsawaita lokacin tsayawa. Masu cewa motocin da sun fi ƙarko saboda ba su lotsewa, su sani cewa idan ƙarfe bai sha bugun ba, jikin fasinja ne zai sha.

Kaske na babur shi ma ba ƙarfinsa na waje kaɗai ke aiki ba. Abin nan mai kama da soso da ke cikinsa shi ke matsewa ya ba kai lokaci. Amma sai an ɗaure igiyarsa a haɓa, in ba haka ba shi zai riga mai shi tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara. Yankin Afirka yana da kusan kashi 3 cikin 100 na motocin duniya, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na mamatan nasa ne. Hukumar ta ce bel yana rage haɗarin mutuwa har da rabi, kaske mai kyau kuma yana rage raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100.

Abin da ke hannun ɗan kasuwa

Ɗan kasuwa ba shi ke riƙe da sitiyari ba, amma kuɗinsa ne ke tayar da mota. Yana iya ƙin hawa bisa kaya. Yana iya tsayawa sai yaron mota ya ɗaure buhuna da igiya mai ƙwari. Uwa tana iya neman wurin zama a baya ita da ɗanta, ta bar kujerar gaba. Mai hawa kabu-kabu da tire a ka da goyo a baya tana iya ce wa mai babur ya sassauta. Idan direba ya fara gudun wuce sa'a, fasinja ɗaya in ya yi magana ana iya yi masa dariya, amma in biyar suka haɗa baki dole ya saurara. Shugabannin ƴan kasuwa da na tasha su ma suna iya zama su yanke iyakar lodin motocin ranar kasuwa.

Tsakanin Maradi da Damagaram kusan kilomita 240 ne. Mai gudun 80 zai yi awa uku, mai gudun 100 kuma awa biyu da minti 24. Bambancin duka minti 36 ne, bai kai lokacin da ake ɓatawa wajen cinikin rago guda ba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma kasuwar da ta watse yau, mako mai zuwa za ta sake ci. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.