Ya kashe wanda ya kashe ka, kai kuma ka kashe shi

Ranar Lahadi a karar Mai'adua, in dillali ya ce maka bijimin nan ya fi wancan tsada, wancan kuma ya fi na gefensa, ba sai ka tambayi na farko da na uku ba. Kuɗi da tsawo da nauyin buhu duk jere suke kamar matakalar bene. Shi ya sa muke zaton kowane fifiko haka yake.

To leƙa fagen dambe bayan kaka. Mai dogon hannu ya hana ƙato matsowa har ya kashe shi. Ƙaton ya danne wani ɗan siriri mai zafin nama. Sai siririn ya kutsa ƙarƙashin dogon hannu, ya kai shi ƙasa. 'Yan kallo su ce sa'a ce, ko asiri. Sau da yawa ba ko ɗaya: salo ne ke cin salo, fifikon ya zama zobe, ba shi da kai ba shi da gindi.

Masana lissafi sun nuna abin da lambobi. Samo 'ya'yan lido uku, ka sake musu rubutu, kowace lamba a fuska biyu. Na farko 2, 4, 9. Na biyu 1, 6, 8. Na uku 3, 5, 7. Haɗa ka gani, kowanne 15 ne, ba wanda aka cuta. Kara na farko da na biyu, babbar lamba ce ke ci: 9 ta cinye duka ukun, 2 da 4 kuwa 1 kaɗai suke ci. Ci 5 ke nan cikin haɗuwa 9. Bi sauran da alƙalami, za ka tarar na biyu ya ci na uku 5 cikin 9, na ukun kuma ya juyo ya ci na farko 5 cikin 9. Bradley Efron na Jami'ar Stanford a Amurka ya ƙera guda huɗu da kowanne ke cin na gabansa sau 2 cikin 3, marubuci Martin Gardner kuma ya yayata su a 1970.

Masu tsara wasannin kwamfuta da gangan suke dasa wannan zobe. A Age of Empires II na 1999, masu mashi na maganin barade, barade na tattake 'yan baka, 'yan baka na harbe masu mashi tun daga nesa. Da a ce runduna ɗaya ta fi kowa, kowa ita zai ɗauka, wasa ya mutu a ranar.

Saura hattara a teburin mai shayi. In wani ya baje 'ya'yan lidon nan ya ce, “Yallaɓai, kai ne babba, fara zaɓa,” ba ladabi ba ne. Duk wanda ka ɗauka, maganinsa na nan cikin biyun da ka bar masa.