AMSOSHIN WASIƘUNKU: Makullin Akwatin Tsohuwar Mota Ya Ɓata, Yaya Za A Yi?

 Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani manomi kuma mai fataucin hatsi a ƙasar Giwa ta Jihar Kaduna. Mun amsa ta a rediyo a gurguje saboda ƙurewar lokaci, shi ya sa muka kawo ta nan dalla-dalla, don wanda bai ji ba ya karanta, wanda ya ji kuma ya adana.

TAMBAYA

Mai wasiƙar ya ce mahaifinsu ya rasu ya bar musu tsohuwar mota ƙirar Bedford mai bodin katako, wadda ta shekara 3 a kafe a ƙofar gida. Yanzu an tashe ta, suna so su fara kai masara kasuwar Dawanau ta Kano da kakar bana. To amma akwatin ƙarfen da ke gefenta, ƙarƙashin bodi, a kulle yake, an nemi makullin sama da ƙasa an rasa. Jak da sifanar taya suna ciki, suna kuma zaton har da takardun motar. Ƙanensa ya ce a sa guduma, wani maƙwabci ya ce a kira mai walda ya yanke murfin. Yana tambaya wace shawara zai bi.

AMSA

To Malam, Allah Ya jiƙan tsoho, Ya sa albarka a abin da ya bari. Amsa a taƙaice ita ce, kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu tukuna. Ka'idar buɗe akwati irin wannan guda ɗaya ce: a fara da hanyar da ba ta ɓata komai, in ta ƙi a matsa gaba, in kuwa ya zama dole sai an fasa wani abu, to a fasa abin da ya fi araha, wanda ake samun irinsa a kasuwa.

Dalili shi ne, motarku ba yarinya ba ce. Irin Bedford ɗin nan mai dogon hanci an fara ƙera ta a Ingila a 1958, kuma tun 1987 aka sayar da masana'antar da ke yin manyan motocin kamfanin. Watau babu inda za ka je yau ka sayo sabon akwatinta na asali. Kwaɗo kuwa, ko a kasuwar ƙauye akwai shi. Haka zancen yake ga masu tsohuwar Mercedes 911, wadda direbobinmu ke kira Roka. Kada garin neman gira a rasa ido.

Kafin a taɓa komai

Abu na farko ba na ƙarfe ba ne, na amana ne. Ka ce motar gado ce. Saboda haka kada ka buɗe akwatin nan kai kaɗai, ko da dare. Ka tara magada, ka kira babba ɗaya ko biyu a dangi, a buɗe a gaban kowa, a rubuta duk abin da aka tarar. Tsofaffin direbobi sukan ajiye kuɗi, ko rasit, ko takardar bashi a irin wannan wuri. Ko babu komai ciki sai tsumma, gara kowa ya gani da idonsa, don zargi ya sha raba 'yan'uwa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Wanda kuma ya sayi mota ya tarar da akwati a kulle, ya fara komawa wajen wanda ya sayar masa. Wannan bayani na mai kaya ne, ba na mai taɓa kayan wani ba.

Sa'an nan a sa wa tayoyi waigi da dutse ko gungume, tun da za a durƙusa a ƙarƙashin mota.

Duba irin makullin

Ka wanke fuskar akwatin ka duba da kyau, domin iri uku ne aka fi samu. Na farko kwaɗo ne da aka rataya. Na biyu makulli ne na jikin murfi, ɗan zagayayye, wanda in an murɗa shi wani ɗan harshen ƙarfe ke juyawa daga ciki. Na uku kuwa rami ne kawai mai kusurwa huɗu. In naku na ukun nan ne, kun huta, domin ba shi da haƙora ko kaɗan. Kowane maƙeri zai dasa maka bakin rodi daidai da ramin, ka zura ka murɗa, shi ke nan.

Ka lura kuma, wani lokaci akwatin ba a kulle yake ba, tsatsa ce ta riƙe murfin, ko wani ƙarfe ya gangaro daga ciki ya tokare harshen. Ka danna murfin ciki da gwiwa ko tafin hannu, ka ɗan bubbuga gefensa da katako, kana ka gwada.

Neman makulli kafin neman guduma

Ka gwada makullin tayar da motar, da na ƙofa, da na murfin tanki. A motocin da, sau da yawa makulli ɗaya ne ke buɗe wurare biyu ko uku. Ka duba ƙarƙashin kujerar direba, da aljihun gaban mota, da jikin shasi, inda direbobi kan ɗaure na ko-ta-kwana da waya. Ka nemi direban da ya tuƙa wa tsoho, ko yaron motarsa. Sau tari abin da aka yi wata guda ana nema, yaron mota zai nuna shi cikin minti ɗaya.

Kafin ka zura kowane makulli, ka jiƙa ramin. Ka ɗiga kananzir, ko ka fesa irin man gwangwanin nan na sassauta tsatsa, ka bar shi ya kwana, da safe ka ƙara. Kada ka sa man gyaɗa ko manja. Suna yin danƙo, in ƙurar hunturu ta hau kansu sai su zama kamar ƙaro, abin ya ƙara cijewa.

Me ya sa makullin wani kan buɗe na wani? Bari mu yi ɗan darasi. A cikin makullin jikin murfi akwai 'yan faifan tagulla sirara, galibi 5 ko 6, kowanne da ɗan sifirin da ke tura shi waje ya cije bango. In makullin gaskiya ya shiga, haƙoransa sukan ja su duka su koma ciki daidai wa daida, sai tsakiyar ta juya. To bayan shekara 40 ko 50 ana murɗawa, faifan nan sun cinye, ba su da tsanani kamar da. Shi ya sa makullin wata tsohuwar mota irin taku zai iya buɗewa. Ka je tasha ka roƙi masu irin motar su ara maka nasu. Ka zura a hankali, kana ɗan jijjigawa kana murɗawa da yatsu biyu kawai. Kada ka kama shi da filaya. In ya karye a ciki, ka ƙara wa kanka aiki, ka kuma jawo wa mai aron asara.

Lambar da ke fuskar makulli

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Yawancin motocin Ingila na shekarun 1950 zuwa 1970 an buga wa makullansu lamba a fuska, kusa da ramin, haruffa biyu da lambobi uku, alal misali masu farawa da FS ko FP. Wannan lamba ita ce sunan makullin. Ka goge wurin da tsumma da kananzir. In ba ta fito ba, ka shafa alli ka share sama-sama, za ka ga ta bayyana. Ka rubuta ta, ka ɗauki hoton makullin da waya, ka kai wa mai yanka makulli a Zariya ko Kano, musamman dattawan cikinsu da suka saba da tsofaffin motoci. Wani ma a tarin tsofaffin makullansa zai lalubo maka irinsa.

In babu lamba, gwanin mai makulli yakan zo da ɗanyen makulli marar haƙora, ya zura ya murɗa, ya duba inda faifan suka yi masa tabo, ya goge da zarto, ya sake zurawa, har ya buɗe. Ka ga ka sami buɗi, ka kuma sami makulli. Ka tafi da shaidar cewa motar taku ce. In ya yi maka tambayoyi kada ka ji haushi, alama ce ta mai sana'ar kirki. Kuɗin motarsa da ladan aikinsa ba za su kai kuɗin sabon akwati ba. In ƙauyenku da nisa, ka duba yadda aka ɗaure akwatin a shasi. In notocin suna waje, a kwance shi ɗungurungum a kai gari.

In ya zama dole a fasa

In kwaɗo ne, a yanke wuyansa da zarton ƙarfe ko babban almakashin yanka rodi. In ka ga zarto yana zamewa ba ya ci, wuyan mai tauri ne, sai a koma kan zoben da aka rataya kwaɗon, domin shi ƙarfensa da taushi, kuma maƙeri zai yi wani. Dukan kwaɗo da guduma yakan lanƙwasa murfi, in akwatin katako ne ya tsage shi, daga nan ruwan sama ya sami ƙofa.

In makullin jikin murfi ne, ka fara duba hinjin, watau maɗaurin da murfin ke juyawa a kansa. In sandar tsakiyarsa tana waje, a jiƙa ta da kananzir, a sa ƙusa mai kauri a ƙasanta a buga sama har ta fito. Murfin zai buɗe ta baya, makulli bai san an yi ba. Daga ciki sai a kwance notin makullin a kai shi a yanka masa ɗa.

Hanya ta ƙarshe ita ce huda tsakiyar makullin da injin huda ƙarfe. A fara da siririn baki, kamar milimita 3, a bi ramin makullin kai tsaye, sa'an nan a sa mai milimita 6. Tagulla ba ta da gardama. In faifan sun zube, sai a sa sukudireba a murɗa. Makullin ya mutu ke nan, amma akwatin yana nan lafiya, kuma ana sayar da irinsa wajen masu kayan gyaran mota. Mai hudawa ya kare idonsa da tabarau.

Maganar mai walda

Nan ne nake so ka buɗe kunne, Malam. Akwatin gefen mota maƙwabcin tankin mai ne da batir. Tsofaffin Bedford akwai masu shan fetur, akwai masu shan gas, watau dizal. Tururin fetur yana kama wuta ko a cikin tsananin sanyi, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Gas ya fi shi haƙuri, sai ya yi zafi ya haura digiri 50, amma harshen wutar walda ya haura digiri 3,000. Kuma kada wani ya ce ai tankin babu mai. Tankin da ya yi ƙasa ya fi cikakke haɗari, domin tururi ne ya cika shi, shi ne kuwa ke fashewa. Batir ma yana fitar da wata iska mai kama wuta. Daɗin daɗawa, ba ka san abin da ke cikin akwatin ba: tsumma mai maiƙo, galan na mai, gam ɗin facin taya. Ko ba a yi gobara ba, takardun da kuke nema su ne za su fara zama toka.

Saboda haka wuta ba ta da wuri a wannan aiki, haka ma injin gurza ƙarfe mai watsa tartsatsi, sai fa in an sauke akwatin an kai shi nesa da mota. Ko huda za a yi, a cire kan batir tukuna, a fara da wayar da ke haɗe da jikin mota, a kuma ajiye bokitin yashi kusa.

Ranar buɗewa

Akwatin da ya shekara 3 a rufe gidan haya ne ga kunama da maciji da rina. Ka ɗaga murfin da sanda, ka koma gefe, ka haska da tocila, ka fito da kaya ɗaya bayan ɗaya. Kada yara su matso. In tsohon ƙarfe ya yanke ka, ka wanke da ruwa da sabulu, ka je asibiti a duba maganar allurar ciwon sarƙewar haƙora, kada ka ce ɗan ƙwarzane ne.

Bayan an buɗe, a yanka makulli 3: ɗaya wajen direba, ɗaya a gida, ɗaya wajen babban da kuka amince da shi. A rubuta lambar a littafin da kuke lissafin buhuna. Lokaci-lokaci a goga bakin fensir a jikin makullin a zura, garinsa yana sa santsi, ba ya kuma tara ƙura. Takardun mota kuwa a ɗauke su daga akwatin gefe, a sa a leda a ajiye a gaban mota. Ka gwada jak ɗin tun a gida, domin wanda ya daɗe a ajiye yakan zubar da mansa. Kada sai taya ta fashe muku tsakanin Zariya da Kwanar Dangora, da buhu 100 a baya, sa'an nan ku gane ba ya ɗagawa.

To Malam, da fatan ka gamsu. Ka rubuto mana ka faɗa mana ta wace hanya akwatin ya buɗu, don wasu su ƙaru. Sauran masu wasiƙu ku ƙara haƙuri, kowa layinsa na zuwa. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.